Shugaba Ɗaya da Kishin Makaranta: Nazari a kan Wata Sakandaren Gwamnati a Birnin Kano

Wannan nazari ya shafi wani shugaban makarantar sakandaren gwamnati ta maza, ta je-ka-ka-dawo, a cikin birnin Kano, wanda ya cika shekara 35 ɗin da dokar aikin gwamnati ta tanada yana aikin ilimi, kuma ya shafe kusan rabin waɗannan shekaru a kan kujerar shugabancin makaranta guda. An sakaya sunansa da na makarantar, saboda haka za a riƙa kiransa Malam, kamar yadda abokan aikinsa ke kiransa, ko da yake ɗalibai Baba suke ce masa. Abin da ake son ganowa shi ne yadda makarantar da ɗalibanta ke ɓoye rigar yunifom a cikin jaka don kada a san inda suke karatu ta koma wadda tsofaffin ɗalibanta ke tinƙaho da ita a Kantin Kwari da Kasuwar Wambai da ofisoshin gwamnati, da kuma abin da ya saura daga wannan kishi bayan da Malam ya yi ritaya.

Kano ba baƙuwar makarantu masu suna ba ce. Tun 1909 Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, Midil ta Kano da aka kafa a 1927 ita ce ta zama Kwalejin Rumfa, kuma a 1977 gwamnatin jiha ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Irin waɗannan makarantu kishi ba ya yi musu wuya, domin an tace ɗalibansu kafin a ɗauke su, kuma yaran da suka kwana ɗaki ɗaya, suka ci tuwo a kwano ɗaya shekara da shekaru, zumunci ya riga ya ƙullu a tsakaninsu ko da shugaba bai yi komai ba. Makarantar da muke magana a kanta ba ta cikin wannan sahu. Tana cikin waɗanda aka buɗe domin karɓar ɗimbin yaran da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya shigar makaranta, waɗanda rukuninsu na farko ya kammala firamare a 1982, shekarar da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 a ƙasar, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. Ɗalibinta yana zuwa da safe bayan ya tashi daga makarantar allo, ya koma gida da azahar, da yamma ya tafi Islamiyya ko shagon mahaifinsa. Makarantar boko kaso ɗaya ce kawai a cikin yininsa, kuma sau da yawa ita ce kason da iyayensa suka fi raina wa.

Malam ya fara koyar da lissafi a farkon shekarun 1980, bayan ya yi hidimar ƙasa. Ya koyar a ƙauye da birni, ya ga yadda shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya cinye darajar albashi har malamai suka koma acaɓa da ƙananan sana'o'i bayan tashi daga aiki, ya riƙe muƙamin babban malami mai kula da tarbiyya, sannan mataimakin shugaba. A ƙarshen shekarun 1990 aka turo shi wannan makaranta a matsayin shugaba.

Halin da ya tarar

Waɗanda suka yi aiki a makarantar kafin zuwansa sun yi ittifaƙi a kan abubuwa uku. Katangar ta rushe ta ɓangarori da dama, har mutanen unguwa suka fitar da hanya ta tsakiyar filin ƙwallo, awaki na kwana a azuzuwa, kuma da an buga ƙararrawar tara sai rabin manyan ɗalibai su ɓace zuwa kasuwa. Malamai da yawa sukan sa hannu a rajista su fice. Abin da ya fi muni shi ne gabar unguwanni, domin makarantar na ɗibar yara daga unguwanni maƙwabta waɗanda samarinsu ke da tsohuwar adawa, kuma faɗan daba da aka fara da dare a lungu yakan ƙarasa da safe a bayan aji. Yaro ba ya ganin kansa ɗan makarantar. Ɗan unguwa kaza ne da aka tilasta wa zama a benci ɗaya da abokin gaba.

Matakin farko da Malam ya ɗauka bai ci ko kwabo ba. Yakan iso kafin kowa, ya tsaya a bakin ƙofa har a gama asambuli, da hunturu da damina, yana amsa gaisuwa yana duban kowane yaro. Wannan tsayuwa ta yi aiki iri biyu. Malamin da ya saba zuwa a makare dole ya wuce ta gaban shugabansa ya gaishe shi a kan idon ɗalibai, kuma kunya ta gyara abin da takardar tuhuma ta kasa gyarawa. Na biyu kuma, a nan ne ya haddace sunayen yara, da na iyayensu, da unguwanninsu, da sana'ar gidansu. A birnin Kano, inda ake sanin mutum da gidansu kafin a san shi da kansa, yaron da shugaban makaranta ya kira da sunansa, ya kuma tambaye shi jikin kakansa, ya san cewa duk abin da ya aikata zai riga shi isa gida. Tsofaffin ɗalibai da yawa sun ce ba bulalar Baba suka fi tsoro ba, sun fi tsoron ya bi layinsu bayan sallar la'asar ya tsaya gaisawa da mahaifinsu a ƙofar masallaci, abin da kuwa yakan yi.

Bai taɓa ajiye alli ba. Duk da aikin ofis, ya riƙe darasin lissafi na aji ɗaya a kowace shekara, kuma ajin farko na ƙaramar sakandare yake zaɓa, ba ajin ƙarshe da ake neman suna da shi ba. Da haka kowane rukuni na sababbin ɗalibai ya fara saninsa a gaban allo kafin ya san shi a ofis, kuma babu malamin da zai yi ƙorafin yawan yara a aji ko ƙarancin littattafai a gaban wanda yake shiga irin wannan ajin da kansa.

Gidajen wasanni da gabar unguwanni

A ganina, mafi hikima a cikin ayyukan Malam shi ne yadda ya yi amfani da gidajen wasanni. Kusan kowace sakandare na da su, amma a yawancin makarantun je-ka-ka-dawo suna ne kawai da ake tunawa da shi mako biyu kafin gasar shekara. Malam ya sake raba ɗalibai da hannunsa, yana riƙe da rajista, ya tabbatar kowane gida ya ƙunshi yara daga dukkan unguwannin da ke gaba da juna, har yakan raba wa da ƙani da gangan. Ya sa wa gidajen sunayen sarakunan Kano na tarihi irin su Bagauda da Rumfa, sunayen da babu unguwar da za ta ce nata ne ita kaɗai. Sannan ya ɗora komai a kan gida: shara da ban ruwan itatuwa, muhawara, kacici-kacici, musabaƙar Alƙur'ani, ƙwallo da tsere, har da zuwa a kan lokaci. Kowace Litinin akan karanta makin gidaje a asambuli. Yaron da ya makara ya jawo wa gidansa asarar maki, kuma waɗanda za su tsawata masa 'yan gidansa ne, ba 'yan unguwarsu ba.

Sakamakon bai zo nan take ba, kuma a shekarar farko an yi faɗa a filin gasar har aka tashi ba a raba kyaututtuka ba. Amma a hankali sai aka ga mai tsaron raga daga wannan unguwa yana dogara da ɗan bayan da ya fito daga waccan, kuma yaran da suka yi atisaye tare tsawon zango ba sa iya ɗaga wa juna gora da dare. Ba a ce gabar ta ƙare a cikin gari ba, domin daba na da tushen da ya fi ƙarfin makaranta, daga rashin aikin yi zuwa shaye-shaye zuwa 'yan siyasar da ke ɗaukar samari haya a lokacin zaɓe. Abin da aka samu shi ne harabar makarantar da hanyoyin da ke zuwa gare ta suka zama wurin da ba a taɓa kowa, kuma masu unguwanni, waɗanda Malam ya riƙa gayyata su zauna a sahun gaba ranar gasa da ranar ba da kyaututtuka, suka ɗauki kiyaye wannan a matsayin mutuncinsu.

Haka ya yi da zaɓen firifet. Kafin zuwansa akan ba ƙarfafa muƙami don su iya dukan na ƙasa. Shi kuwa yakan haɗa mai ƙoƙari a aji da wanda yara ke jin maganarsa, kuma fiye da sau ɗaya ya ɗauko yaron da ake gab da kora ya ɗora masa kula da ƙofa ko kayan wasanni. Wasu sun ci amanar, an sauke su a gaban asambuli. Da yawa kuwa wannan amana ce ta raba su da daba, kuma a cikinsu ne aka samu waɗanda suka fi kowa riƙe ƙungiyar tsofaffin ɗalibai daga baya.

Rikicin satar amsa

Jarrabawa ce ta kusa raba Malam da kujerarsa. A lokacin da ya zo, satar amsa ta zama al'ada a makarantar kamar yadda ta zama a wurare da yawa: a tara kuɗi a hannun ɗaliban ajin ƙarshe, a sallami masu sa ido, malami ya rubuta amsa a allo. Zuwan hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, ya ƙara wa ɗalibai damar rubuta jarrabawar kammala sakandare bayan ta WAEC, amma bai taɓa wannan ɗabi'a ba. Malam ya hana tara kuɗin, ya hana malaman darasi kusantar ɗakin jarrabawa ranar darasinsu, ya ɗauki kujera ya zauna a bakin ƙofa da kansa.

Sakamakon shekarar ya faɗi ƙasa warwas. Iyaye suka fusata, wasu suka kwashe 'ya'yansu zuwa cibiyoyin da ake biyan kuɗi a tabbatar wa yaro da sakamako, wasu suka kai ƙara sama cewa shugaban ya zo ya kashe makaranta. A taron ƙungiyar iyaye da malamai da ya biyo baya, Malam bai kare kansa da dogon jawabi ba. Ya kawo takardun gwajin da ya yi wa ajin ƙarshe a farkon shekara, waɗanda suka nuna cewa akwai yaran da ke shirin rubuta jarrabawar fita alhali ba sa iya karanta sakin layi ɗaya na Turanci su faɗi ma'anarsa, ya tambayi iyayen ko akwai wanda zai yarda likitan da ya sami takardarsa ta wannan hanya ya duba iyalinsa. Wani dattijo daga cikin malaman unguwa ya tashi ya goyi bayansa da hadisin da ke cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma daga nan taron ya juya.

Hana sata kaɗai da bai isa ba, kuma Malam ya san haka. Ya buɗe darasin ƙari na ranar Asabar kyauta, ya roƙi tsofaffin ɗaliban da ke Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi su riƙa zuwa suna taimakawa, ya ware sa'a guda kowace safiya ga yaran ajin farko da ba su iya karatu ba. Sai da rukunin da ya karɓa tun daga ajin farko ya kai ajin ƙarshe, wato bayan shekara shida, sannan aka ga amfanin abin sosai, musamman a jarrabawar kwalifayin da gwamnatin jiha ke tace waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawa da ita. A nan ne muhimmancin daɗewarsa ya fito fili. Da an ɗauke shi bayan shekara biyu ko uku, kamar yadda ake yi wa shugabanni da yawa, da abin da za a tuna da shi kawai shi ne shugaban da sakamako ya lalace a hannunsa, kuma da magajinsa ya koyi darasin cewa gaskiya a ɗakin jarrabawa ba ta da riba. Kishin da ɗaliban wancan zamani ke yi har yau yana da alaƙa da wannan kai tsaye, domin sun san takardar da ke hannunsu guminsu ce, kuma waɗanda suka shiga jami'a ba su ji kunya a aji ba.

Batun katanga ma ya ɗauki shekaru. Da kuɗin ƙungiyar iyaye da gudummawar 'yan kasuwar da suka yi karatu a makarantar aka riƙa ɗaga ta kaɗan-kaɗan, wani ya kawo bulo, wani siminti, magina daga cikin iyaye suka yi aiki a kan rabin lada. Da aka zo masa da shawarar a yanka gefen filin ƙwallo a gina shaguna don makaranta ta sami kuɗin shiga, abin da ya cinye filayen makarantu da dama a cikin gari, ya ƙi, ya kuma sanar da iyaye da masu unguwanni tun maganar ba ta yi nisa ba, ta yadda mai son filin zai fuskanci unguwa gaba ɗaya, ba shugaban makaranta shi kaɗai ba.

Lokacin da 'yan Boko Haram suka kai hare-hare a birnin Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, aka sa dokar hana fita, gari ya cika da shingayen bincike, iyaye da yawa sun ji tsoron tura yara makaranta. Da aka koma karatu, Malam ya raba malamai unguwa-unguwa su bi gidajen waɗanda ba su dawo ba. Bayan hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013, ya sassauta hukuncin makara ga yaran da ke zuwa daga nesa na ɗan lokaci, amma bai matsar da lokacin asambuli ba.

Inda aka samu rauni

Adalci ya sa a faɗi cewa ba kowa ne ya ji daɗin zamaninsa ba. Malam ɗan zamanin bulala ne, kuma a shekarunsa na farko ya yi amfani da ita fiye da kima, har akwai yaran da suka bar makarantar saboda ita, waɗanda ba a jin muryarsu a taron tsofaffin ɗalibai domin ba sa zuwa. Karanta sunayen waɗanda suka zo na ƙarshe a gaban asambuli, da ya yi shekaru yana yi kafin ya daina, ya karya zuciyar yaran da matsalarsu yunwa ce ko aikin gida, ba lalaci ba. Irin wannan kishi na gasa yana ɗaga mai ƙoƙari da mai gudu da mai murya a muhawara, amma yaro mai shiru wanda ba ya fice a komai yakan gama shekara shida ba a taɓa tafa masa ba.

Rauni mafi girma shi ne komai ya rataya a wuyansa. Shi ke riƙe da makullin sito, shi ke raba gidaje, shi ya san wane attajiri za a je wa idan rufin aji ya yaye. Mataimakansa sun koyi aiki ta hanyar kallo, amma bai cika sakar musu ragama ba, kuma kusan babu abin da aka rubuta. Dangantakar da ya ƙulla da masu unguwanni da limamai da 'yan kasuwa ta mutum da mutum ce, wadda ba a miƙa ta a cikin takardar barin aiki. Ba shi kaɗai ke da wannan laifi ba, domin tsarin da ke naɗa shugabanni ba ya tambayar mai barin gado wa ya shirya, kuma sau da yawa daga wata makaranta ake turo magaji. Kujerar shugaban sakandare kuwa ba ƙarama ba ce a Kano, tunda daga cikin waɗanda suka riƙe ta ne Malam Ibrahim Shekarau ya fito ya zama gwamna a 2003, amma har yanzu akan ɗauke ta a matsayin matakin ƙarin girma da ake juyawa tsakanin ma'aikata, ba aikin da ke buƙatar shekaru kafin ya yi 'ya'ya ba.

Bayan ritaya

Malam ya ajiye aiki kafin dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, saboda haka bai amfana da ita ba. Shekarun da suka biyo baya sun zo da nauyi: shirin ilimi kyauta kuma dole da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019 ya ƙara cika azuzuwan da tuni suke a cike, annobar korona ta rufe makarantu watanni a 2020, kuma a 2024 gwamnatin jiha da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. A cikin wannan ɗan lokaci an canza wa makarantar shugaba fiye da sau ɗaya.

Idan aka duba abin da ya tsaya da abin da ya zube, bambancin a fili yake. Tsayuwar bakin ƙofa ta tafi da mai ita, haka ziyarar gidajen iyaye, kuma karanta makin gidaje ranar Litinin ya koma sai an tuna. Darasin Asabar kuwa yana nan, domin tun Malam na kan kujera tsofaffin ɗalibai suka karɓe shi, su ke tsara masu zuwa, su ke sayen alli da takardu. Filin ƙwallo yana nan ba a yanka ba, saboda unguwa ta riga ta ɗauke shi nata. Asusun taimakon juna da ya kafa wa malamai, wanda ake ba da rance daga cikinsa lokacin haihuwa ko rashin lafiya ko azumi, bai tsaya ba, tunda malaman ne ke zaɓar ma'ajinsa tun farko. Tsaurin ɗakin jarrabawa yana tangal-tangal, ya danganta da wanda ke kan kujera da kuma yawan tsofaffin malaman da suka rage.

Biyu daga cikin mataimakansa sun zama shugabanni a wasu makarantu, kuma dukansu sun ɗauki tsarin cakuɗa unguwanni a gidajen wasanni sun tafi da shi. Ɗaya ya samu ya zauna har ya ga rukunin da ya karɓa ya kusa fita, kuma makarantarsa ta fara canzawa. Ɗayan an ɗauke shi kafin ya gama haddace sunayen ajin farko. Wannan ne ya sa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar ta rubuta wa hukuma takarda tana roƙon abu biyu: a bar duk shugaban da aka turo ya yi aƙalla shekara shida, tsawon zaman rukuni ɗaya daga ajin farko zuwa na ƙarshe, muddin ba a same shi da laifi ba, sannan a riƙa sanar da mataimakin da zai gaje shi shekara guda kafin ya tafi. Malam, wanda yanzu yake koyar da lissafi kyauta a wata Islamiyya ta unguwarsu, yana cikin waɗanda suka sa hannu, kuma shi ne ya nemi a ƙara sharaɗi na biyun.